Baƙo a Bakin Zaure

A wani ƙauye na gefen Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Tasawa, diloli sun addabi garken awakin wani magidanci. Sai ya karɓo dogon kare irin na Azawak daga hannun Buzaye masu gangarowa kudu bayan girbi. Ƙananan karnukansa biyu suka ƙi baƙon, kuma da gaskiyarsu: kasko ɗaya ne, dusa kuwa aunawa ake yi a gidan tun yunwar 2005. Ya ɗaure babban a gindin gawo kwana bakwai, kullum ana fara zuba wa ƙananan a kan idonsa. Ranar da aka kwance shi, tsohuwar karyar ta riga shi kwanciya a bakin zaure. Ya sunsuna ta, ya wuce garke.