Tayar Eleanor ba ta kowa ba ce

Tun da ya kalli Gone in 60 Seconds, fim ɗin Nicolas Cage na 2000, saurayin nan bai sake samun sukuni ba. Eleanor ce ta tafi da imanin sa, wato Mustang ɗin nan ƙirar 1967 mai tayoyi masu faɗi. Ya sayar da babur ɗin sa, ya ɗaura wa tsohuwar Celica da mahaifin sa ya bar masa wili inci 17.

Kwanar farko da ya sha, taya ta fara gugar bodi, sitiyari ya yi nauyi. Bakanike ya duba ya ce, "Samari, ita ta fim ɗin sai da aka buɗa mata bodi. In ka yarda, mu yanka."

Ya daɗe ya na kallon motar marigayin. Washegari ya mayar da tsofaffin tayoyin.