Ranar da Na Kai Waƙata Gaban Manya

Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu domin in ba ku labarin abin da ya same ni a hutun da ya wuce, sannan in kawo wata shawara. Shekarata 16, ina babban aji biyu. Waɗanda muke ɗakin kwana ɗaya da su sun san ni da zama a bakin gado bayan an tashi daga karatun dare, ina ta ƙananan maganganu ni kaɗai, har wasu suka laƙaba mini suna Mai Aljanu. To, yau asiri ya tonu: waƙa nake rubutawa.

Asalin abin daga kakata ne. Ba ta yi boko ba, amma ta haddace baitoci masu yawa na Imfiraji, waƙar nan ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, kuma takan rera su tana kaɗi ko tana tsintar wake. Da Allah Ya yi mata rasuwa, sai na ji ina son in faɗi wani abu game da ita, amma bakina ya kasa. Na ɗauki biro na rubuta baiti ashirin a bayan littafina na lissafi, na ɓoye a ƙasan akwati. Wata bakwai ba wanda ya gani.

A zango na biyu malaminmu na Hausa ya shigo aji da wata takarda, ya ce an sa gasar rubutacciyar waƙa ga ɗaliban sakandare. Zuciyata ta yi tsalle. Amma da ya duba ƙasan takardar sai ya girgiza kai, domin kwana tara ke nan da rufe karɓar waƙoƙi. An daɗe da yaɗa sanarwar a intanet, mu kuwa 'yan kwana ba a yarda mu riƙe waya ba. A daren nan ban ci tuwo ba. Ba wai na tabbata zan ci gasar ba ne, abin da ya yi mini ciwo shi ne an yi shagali an watse ban ko ji kiɗan ba.

Da aka ba da hutu na je Kano wurin kawuna, na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, mai nema yana tare da samu. Shirya ranar Lahadi.” Ashe akwai wani zama da marubuta suke yi, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a yi masa gyara. Mun tarar da kimanin mutum talatin, maza da mata. Akwai malaman makaranta, akwai tela, akwai wata ma'aikaciyar jinya, akwai dattawa masu furfura. Da aka kira ni, sai da gwiwoyina suka yi rawa. Na rera baitocina ashirin, muryata tana shaƙewa, na zauna ina jiran tafi.

An tafa kaɗan. Sai wani dattijo ya ce, “Yaro, sake rero mini baiti na huɗu.” Ina rerawa yana buga yatsa a kan tebur. Da na zo ɗango na biyu sai yatsan ya tsaya. Ya ce, “Ka ji inda ka yi tuntuɓe? Amsa-amonka ya zauna, tun daga farko har ƙarshe da ‘na’ kake rufewa. Amma karin ya karye.” Na ce, “Baba, ai na ƙirga gaɓoɓin, daidai suke.” Ya ce, “Ka ƙirga, amma ba ka auna ba.”

Nan ya koya mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce in faɗi “gari” na mutane, in kuma faɗi “gari” na tuwo. A boko rubutunsu ɗaya ne, amma na farko gaɓarsa ta fari gajera ce, na biyu kuwa doguwa. Ya ce rubutacciyar waƙar Hausa a kan jerin dogayen gaɓoɓi da gajeru take tafiya, kuma malaman da suka fara ta sun ɗauko ma'aunai irin su Kamil da Mutadarak da Rajaz daga waƙar Larabci. Masu rubutun ajami suna nuna tsawon wasali a takarda, mu kuwa 'yan boko dole kunnenmu ya yi mana wannan aiki. Cikin baitocina ashirin, shida kaɗai suka tsira. Kunya ta kama ni kamar in nutse a ƙasa.

Bayan an tashi ya kira ni gefe, ya ce kada in karaya, domin da koyo akan iya. Ya ce irin wannan zama ba sabon abu ba ne a Kano. A shekarun 1970 akwai ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin, wadda 'ya'yanta suke karanta waƙoƙinsu a rediyo, akwai kuma Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu, mai littafin Fasaha Aƙiliya da aka buga a 1977. Ya ce mata ma ba a bar su a baya ba, domin a 1983 an buga waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata, kuma tun kafin su Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci. Saboda haka 'yan'uwanmu 'yan mata, ku ma fagenku ne.

Ga kuma labaran da na samo muku. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wadda ake kira ANA, an kafa ta a 1981 bisa jagorancin Chinua Achebe, kuma tana da rassa a jihohi. Hukumar UNESCO ta keɓe ranar 21 ga Maris ta zama Ranar Waƙa ta Duniya tun 1999. Ranar 26 ga Agusta kuwa ita ce Ranar Hausa, wadda aka fara a 2015, kuma takan faɗo muna hutu, don haka ba mu da uzurin ƙin halarta. A 2021 an fara wani bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa a Kaduna. Duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe, amma sai wanda ya ji labari yake shiga.

Shawarata guda uku ce. Ta farko, ina roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu gefe ɗaya na allon sanarwa, malaminmu na Hausa ya riƙa liƙa mana labarin gasa da taruka tun lokaci bai ƙure ba. Ta biyu, mu kafa ƙungiyar waƙa, mu riƙa haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar, kowa ya rera tasa a buga masa tebur kamar yadda aka buga mini. Ta uku, ranar 21 ga Maris mai zuwa mu gayyato wani marubuci daga gari ya saurare mu. Wannan ba zai hana mu karatun kimiyya ko lissafi ba, awa ɗaya ce a mako.

Ni dai na gyara baiti goma sha ɗaya daga cikin sha huɗun da suka karye, saura uku suna nan suna ba ni wahala. Na yi wa dattijon nan alkawarin zan komo masa da su a hutu mai zuwa, kuma ba na son in je ni kaɗai. Duk wanda yake da waƙa a ƙasan akwatinsa, ya neme ni bayan karatun dare. Allah Ya ji ƙan kakata da sauran magabatanmu, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.