A-kori-kurar Baba



Da Baba ya rasu, abin da ya bar mana a Dodoru bai wuce gona da wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 ba. Tun 2006 aka daina haɗa irinta a Kaduna, ita kuwa agogon lissafin tafiyarta ya tsaya tun ina yaro. Duk da haka da ita muke kai albasa kasuwar Jega, da ita gidanmu ke ci.

Kullum bayan sallar asuba Baba kan buɗe bonet, ya duba ruwan lagireto da baƙin mai, ya danna fambel da yatsa, lokacin hunturu kuma ya kakkaɓe matatar iska. Ni a da ina ganin ɓata lokaci ne.

Wata uku da komawarta hannuna, fambel ya tsinke a hanya, ban lura ba sai da injin ya yi zafi gasket ya ƙone. Albasa ta wuni a rana, kuɗin makarantar ƙannena suka tafi wajen bakanike. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ai babanka ba ya fita sai ya gaishe ta."

Yanzu da hannuna nake mata juye a ƙofar gida, in goge fulogi, in sa giris. Ɗan uwa, in an bar maka tsohon abu, ka tambayi yadda mai shi ya riƙe shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.