Mun ci bak, an yi mana tayin raino: mu karɓa ko mu bari?

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, na gida da waɗanda ke ci-rani. Yau wata magana muka kawo muku wadda ba a cika yin ta a fili ba, alhali kowace damina sai ta shiga gidaje da dama a yankin nan. Mu ƴan mata ne da Allah ya ba sa'ar jarabawar bak bana. Tun da aka gama guɗa da barka, wayoyin iyayenmu ba su huta ba. Wata tanti a Tawa hutun haihuwarta ya ƙare, za ta koma aiki. Wata Hajiya a Yamai ƴar aikinta ta tafi ƙauyensu noma. Maganar duk iri ɗaya ce: tunda yarinya ta gama lakwal, a turo ta ta riƙe yara kafin a buɗe jami'a.

Mun daɗe muna tauna zancen nan a tsakaninmu, mafi yawa ta WhatsApp, tunda kowa ta koma garinsu. Muka ga gara mu fito da shi, don baɗi ma za a kira ƙannenmu.

Wanda bai san halin gida ba zai ce ai sai mu zauna mu huta. To hutu da me? Ana yin bak ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, sabo kuma bai nuna ba. A Madawa kuɗin albasar da aka cire da rani sun daɗe da shiga iri da noma, sai fa mai ƙarfin da ya adana tasa a rudu yana jiran ta yi daraja. A Buza da Keita gidaje da yawa ido suke zuba wa saƙon NITA ko Al Izza daga yayye maza da ke Abijan, Kamaru ko Libiya. Jami'a kuwa ba ta san da wannan ba. Akwai kuɗin rajista, akwai takardun dosiye: takardar haihuwa, shaidar zama ƴar ƙasa, takardar maki, hotuna, kowace sai an yi kofi an kai ma'aikatar magajin gari an buga hatimi. Akwai kuɗin mota. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Akwai katifa, bokiti, gidan sauro, da waya mai ɗaukar darasi. Alawus na hukumar ANAB ba kowa ke samu ba, wadda ta samu ma ba ranar da ta sauka tasha ake miƙa mata ba. Don haka in an ce ga jaka 20 ko 25 a wata, ga ci ga kwana, ba abin da za mu yi wa dariya ba ne.

Akwai kuma abin da ba mu faɗa gaban iyaye. Zaman gida wata uku ko huɗu ba tare da aikin yi ba shi ma yana da nasa haɗarin. Alƙaluman UNICEF sun nuna kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi masu aure kafin su cika shekara 18. Mu da muka kai ajin ƙarshe na lise mun san yawan kujerun da suka zama babu kowa tun daga firamare. Da zarar an ga budurwa zaune a gida, sallama sai ta yawaita a ƙofa, kawunnai su fara cewa ai karatun ya isa haka. Wasu cikinmu sun ce ko don wannan kaɗai, gara su yi nisa.

Wasu kuma abin da ya dame su shi ne suna. Wai mai bak a kira ta ƴar aiki? Wannan kam mun kashe maganarsa da wuri, kuma ƴan Keita ne suka kashe ta. Suka ce mu tuna Furoje Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin ƙasar Italiya. Mata ne suka fi yawa a aikin nan: iyayenmu da kakanninmu suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera shingen tare ruwa, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwa a kan tsaunukan da suka bushe, ana biyan su da abinci. Ba wanda ya ce sun zubar da mutuncinsu, yau ma da su ake alfahari. In ɗaukar dutse bai rage masu daraja ba, goyon yaro ba zai rage mana ba. Mu da aka ɗaura wa ƙanne a baya tun muna shekara bakwai, raino ba baƙonmu ba ne.

Amma ku lura da abu guda. Aikin da suka yi aiki ne mai ma'auni: an san lokacin farawa, an san lokacin tashi, an san abin da za a auna wa mutum. Rainon da ake kiranmu kuwa yawanci ba shi da ma'auni, kuma nan ne matsalar take.

Ba a cewa "zo ki yi mani aiki". Cewa ake "zo ki taya ni". Tunda ƴar'uwa ce ko ƙawar inna, ba bakin tambayar nawa za a biya, balle yaushe za a gama. In ka tambaya a ce yaran zamani ba su da kunya. Sai yarinya ta tafi da sunan riƙon jariri, ta tarar da wanki, wanke-wanke, shara, girki da aiken kasuwa suna jiranta. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum: sati biyu ana kiranta ɗiyata, sati na uku ta zama "ke".

Babban abin tsoronmu ma ba yawan aikin ba ne, ranar tafiya ce. Kowa ya san jami'o'inmu ba kullum suke buɗewa a kan kari ba. An sha ganin shekarar karatu ta hau kan wata, sababbin ɗalibai su yi ta jira. Wannan jiran shi ke cin mutane. Ana cewa bari zuwa Oktoba, Oktoba ta zo ba a kira ba, sai a ce to ki ƙara wata guda. Yaro ya saba da ke, ba ya barci sai a bayanki. Ranar da aka liƙa sunaye, sai uwar gida ta ce haba ɗiyata, yanzu za ki bar ni, ban samu wata ba? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai ki kasa cewa a'a. Muna da yayye a garuruwan nan da suka tafi rainon wata uku, wa'adin ajiye dosiye ya wuce su suna dama kunu a gidan wani, aka ce sai baɗi. Wasu baɗin ta zo, wasu har yau.

Sannan kada a manta, raino da damina amana ce mai nauyi. Agusta da Satumba ne lokacin da masassarar cizon sauro ke kwantar da yara. Duk wanda ya leƙa ɓangaren yara na asibitin Madawa a watannin nan ya san abin da muke faɗa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke bi gida gida suna ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi kowane wata, ana sha kwana uku a jere. Su ke ba da na ranar farko, sauran biyun na hannun mai kula da yaro. In uwa tana wurin aiki, mai raino ce ke nan. In jiki ya yi zafi da rana tsaka, wa za a kira? Wane asibiti za a je? Kuɗin adaidaita ko kabu-kabu na hannun wa? In ba a yi wannan magana tun farko ba, ranar da abu ya faru a kan baƙuwa laifi zai sauka.

Da muka haɗa duk wannan, sai muka tsaya a kan cewa aikin ba haram ba ne, ba abin kunya ba ne, amma ba za mu karɓe shi a duhu ba. Kafin a shiga mota, a yi magana gaban manya biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. A faɗi ranar farawa, a faɗi ranar dawowa, kuma ranar dawowar ta tsaya ko an buɗe jami'a ko ba a buɗe ba. In ana son ƙari, a sake sabon zama. A faɗi aikin: raino ne kaɗai ko har da girki da wanki. A faɗi kuɗin, a riƙa biya ƙarshen kowane wata, ban da "ina tara maki". Mun sani tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma jaka 42, daga jaka 30 da ƴan kai. Mun kuma san ba kowane gida ke iya biyan haka ba, tunda ga ci ga kwana. Amma a san da shi, don kada a miƙa wa mutum turmin atamfa bayan wata huɗu a ce an biya. A bar mana wayarmu a hannu, don labarin rajista ta nan yake zuwa. A ba mu ranakun zuwa haɗa takardu. Kuɗin motar dawowa kuma a ajiye shi wurin iyayenmu tun ranar tafiya.

Kuma mun gwada. Ɗayarmu ta Buza, tantinta ce ta kira ta zuwa Tawa. Mahaifiyarta ta ɗauki waya ta ce: "Yaya, ɗiyarki ce, ba ni hana ki ita. Amma ki gaya mani ranar da za ki sallame ta, don in an tambaye ni in san abin faɗa." Tantin ta yi dariya, ta ce ƙarshen Satumba, ta faɗi abin da za ta riƙa ba ta. Ta tafi. Ita dama Jami'ar Djibo Hamani take son shiga, wadda aka kafa a 2010, daga baya aka sa mata sunan malamin tarihin nan da ya rubuta tarihin Adar. Yanzu ta san hanyar makarantar, ta san inda ake karɓar dosiye, har ita ke aiko mana da labari.

Ta Madawa kuwa Yamai aka kira ta, kuma kuɗin da aka faɗa sun fi. Tana ta murna za ta ga Jami'ar Abdou Moumouni da idonta. Da aka zo maganar rana, Hajiyar ta ce ai sai an yaye yaron, yaron kuwa watansa biyar. Babanta ya ce: "Hajiya, a yi haƙuri, Allah ya haɗa ki da wadda ta fi ta." An ɗan yi fushi, kwana biyu ba a gaisa ba, amma yarinya na gida. Ta tara yaran unguwa goma sha ɗaya a zaure tana koya masu lissafi da Faransanci da safe, iyayensu na ba ta abin da ya sawwaƙa. Bai kai na Yamai ba, amma ranar da aka kira ta ba wanda za ta roƙa izini.

Ta Keita har yanzu ba ta yanke ba. Mahaifinta ya rasu, wanda ya kira ta shi ya biya mata kuɗin lise shekara uku, kuma mahaifiyarta ta ce ita bakinta ba zai iya yi masa maganar kuɗi ko rana ba. Ba mu ga laifinta ba, alheri yana da nauyi. Shawarar da muka ba ta ita ce ta bar maganar kuɗi, tunda an riga an yi mata abin da ya fi albashi, amma ta nemi kawunta ya tsayar da ranar dawowa. Wanda ya biya maka karatu shekara uku ba zai so ya ga karatun ya mutu a tsakar gidansa ba, in dai an tuna masa cikin ladabi.

Roƙonmu ga iyaye: ku ara mana bakinku. Abin da yarinya ba ta iya faɗa wa babba, ku kuna iyawa cikin raha, zumunci bai ɓaci ba. Ga yayyenmu da iyayenmu na birni kuma: mun san kuna cikin matsi, ga aiki ga goyo, kuma kun fi amincewa da ɗiyar gida fiye da baƙuwa. Mun gode da wannan yarda. Ku fara neman wadda za ta canje mu tun ranar da muka sauka, kada a bari sai ana saura kwana biyu. Da yawanku ta hanyar nan kuka bi kafin ku zama malamai da ma'aikatan lafiya, wani ne ya sake ku kuka tafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba yara da masassara, ya sa mu shiga jami'a a sa'a. Waɗanda ba su samu bak bana ba, Allah ya nuna mana baɗi da rai da lafiya. A gaida mutanen gida.