Kalma Ɗaya, Riga Huɗu

Mai koyar da Hausa a arewacin Kamaru ba ya samun masu karatu iri ɗaya. A unguwar Jambutu ta birnin Garwa, wadda takardun hukuma ke rubutawa Djamboutou (ba Jambutun Yola ba), Fillanci ne harshen kasuwa, Faransanci na makaranta, Hausa kuwa ta gida ce da fatauci. Wani malami da ke karantar da manya da yamma a unguwar yana da jerin kalmomi kala huɗu. Akwai na bokon Nijeriya mai rubuta 'ya'ya. Da na waɗanda suka saba da ƴaƴa, kamar yadda ake yi a Nijar da kuma a rubutun Fillanci. Da na ajami domin dattawan da suka tashi a makarantar allo. Sai mai alamun karin sauti domin baƙin harshe.

Takarda huɗu, gyara huɗu. Duk ranar da aka gyara ma'anar kalma a ɗaya aka manta da sauran, ɗalibai biyu za su yi gardama, kowa riƙe da takardar malam a hannu.

Maganin da ya kama shi ne wanda masu buga littattafai ke kira wallafa daga tushe ɗaya: a ajiye uwar rubutu guda, a ba kowane yanki nata suna, sauran duk a fitar da su daga gare ta. Ba ya rubuta kalma da baƙi mai kauri don a gane ita ce kan magana. Yana sa mata alamar da ke cewa ita ce. Ya ari tsarin manhajar Toolbox ta ƙungiyar SIL, inda \lx ke gaban kalma, \ps gaban ajinta na nahawu, \xv gaban jimlar misali. Kauri da girman baƙi sai ranar bugu.

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne yanke shawarar wace riga ce za ta zama uwa. Da yawa za su ce bokon yau da kullum, tunda shi ya fi saurin bugawa a waya. To amma boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, alhali wasalin farko gajere ne a ɗaya, dogo a ɗayan. Ajami kuwa yana bambanta su, domin garin tuwo na ɗaukar alif. Kwamfutar da aka ba "gari" tsurarsa ba ta da hanyar sanin ko ta sa alif ɗin. Haka kuka ta miya da kuka na hawaye: duk wasulansu dogaye ne, karin gaɓar ƙarshe kaɗai ya raba su, ƙasa a bishiya, sama a hawaye.

Saboda haka uwar tasa ta fi kowace 'yarta kaya: gàrii da gàarii, kuukàa da kuukaa. Daga nan cire alamu abu ne na ƙiftawar ido, mayar da 'y zuwa ƴ ma haka. Abin da aka zubar tun farko ne ba ya dawowa sai an bi kalma ɗai-ɗai. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna tsawo da kari, shi ya sa har yau malamin ke komawa gare shi idan kunnensa ya yi shakka.

Bai fara da babbar manhaja ba, kuma ya yi daidai. FLEx, wadda ta gaji Toolbox, tana iya tura ƙamus zuwa shafin Webonary, amma wanda bai san gurabun da yake bukata ba zai ɓace a cikinta. Kalma hamsin ya fara da su, a fayil na rubutu zalla, da ɓ, ɗ, ƙ na tsarin Unicode don kada su rikiɗe a wayar wani. Bayan makonni ya ƙara gurbi ɗaya: inda aka ji kalmar. Hausar bakin Binuwai ba ta Kano ba ce a komai, kuma ɗalibansa sun fi son ganin tasu a layin farko.