Ƙyallen Da Muke Miƙa Wa Juna A Duwatsun Shere

Wanda bai taɓa gudu a kan dutse ba yana ɗauka hawa ne abin tsoro. Waɗanda suka yi kuwa sun san gangara ce ke karya mutum. Hawa numfashi yake ci, kuma da ka sassauta numfashi zai dawo cikin 'yan mintuna. Gangara cinya take ci, ba ta ma nuna maka ɓarnar da ta yi sai bayan kwana ɗaya ko biyu, ranar da za ka zo tsugunawa alwala ka ji ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa. A kowane taku na sauka, naman gaban cinya yana miƙewa ne alhali yana tare nauyin jiki gaba ɗaya, wannan aikin ne ke yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka. Shi ya sa za ka ga mutum ya gama tsere yana dariya ranar Asabar, ranar Litinin yana sauka daga bene da baya da baya.

Ni ɗan Kano ne, garin da in ka cire Dala da Goron Dutse ƙasa shimfiɗe take iya ganinka. Aiki ne ya kawo ni Jos. Na haura shekara 40 likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya rubuta magani, ya kuma ce lallai in riƙa motsa jiki. Wani abokin aiki ya haɗa ni da wasu mutane da ke taruwa da sassafe ranar Asabar ta wajen madatsar ruwan Lamingo. Akwai tela a cikinsu, akwai malaman makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da masu shaguna a Terminus, da wani tsohon soja da kowa ke kira Koci ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Ba a biyan kowa, ba wanda ke sa ran lambar yabo. Kowa da abin da ya fito da shi daga bargo cikin sanyin Jos: wani ciwon suga, wani tumbi, wani baƙin cikin da bai faɗa wa kowa ba.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuma ta haura mita 1,800. Baƙo yana jin haka a ƙirjinsa a makonnin farko. Tudun nan ne ya sa Filato, musamman yankin Pankshin, ta zama mahaifar masu gudun dogon zango a Nijeriya. Tun da aka fara gasar fanfalaki ta Legas a 2016, sunaye irin su Pam da Gyang ake yawan ji a cikin 'yan ƙasa da ke fara isowa. Mukan haɗu da irinsu a hanya. Su wuce mu su ɗaga hannu su ce, "Sannunku, Baba," kafin mu amsa sun sha kwana.

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Namu, wanda muke shirya wa kanmu cikin hunturu, da waya muke auna shi, kuma da gangan ake bi da shi ta inda tudu ya fi yawa. Abin da Koci ke fara ƙwace wa sabon zuwa shi ne yarda da agogo. A shimfiɗaɗɗen titi mutum yana iya cewa zan riƙa cin kilomita ɗaya a minti shida har in gama. A kan tudu wannan lissafi ba ya aiki, wanda ya nace sai ya riƙe shi zai ƙare a kilomita na goma sha biyu hannu a gwiwa. Ma'aunin Koci ɗaya ne: "Malam, in ba za ka iya amsa sallama cikakkiya ba tare da ka yanke ta ba, ka yi sauri da yawa." A hawa sai ka gajarta taku, ka ɗan karkato gaba, ka kalli ƙasa 'yan taku kaɗan a gabanka, ka daina leƙen ƙarshen tudu. Inda ya miƙe sosai ka koma tafiya, ka dafa cinya da hannu kana turawa. Ba abin kunya ba ne. Manyan 'yan tseren dutse na duniya haka suke yi.

Sai gangara. A nan ne ake gane wanda ya san hanya. Mutum ya sha wahalar hawa, ya ga ƙasa ta kwanta masa, zuciya ta ce yanzu ne lokacin rama abin da aka rasa. Ya buɗe taku, ya riƙa dira da dunduniya, kowane taku yana dukan gwiwa. Kilomita biyu na irin wannan sun isa su cinye ƙarfin kilomita biyar da suka rage. Na ga ƙato majiyi ƙarfi zaune a gefen shingen ƙerana a kilomita na 17, numfashinsa lafiya lau, cinyoyinsa na rawa su kaɗai, ya kasa miƙewa. Wata tsohuwa ɗauke da buhun dankali a ka ta tsaya a kansa ta ce, "Ɗana, wa ya kore ka?" Ya ce babu kowa, Mama. Ta gyara gammo ta ci gaba da saukowa, taku ƙanana masu sauri, ƙafa na sauka daidai ƙarƙashin jiki. Abin da Koci ya yi watanni yana koya mana ke nan, ita kuwa a kansa ta tsufa.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a harkar tseren tudu. A 2005 aka fara tseren dutsen Obudu a jihar Kuros Riba, kilomita 11 na hawa zalla, mita 800 da wani abu zuwa sama, da kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya. A 2013 aka fara tseren kilomita 10 na Okpekpe kusa da Auchi, wanda tuddansa ke ba 'yan Kenya da Habasha kansu aiki. A maƙwabta kuwa, tun 1973 ake hawa Dutsen Kamaru daga garin Buea a dawo ƙasa, dutsen da ya haura mita 4,000. Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, sau bakwai tana cin wannan tsere, har ake mata laƙabi da sarauniyar dutse. Ina girmama waɗannan gasanni. Sai dai abin da ya taɓa rayuwata ya faru ne a wani ƙaramin abu da ba shi da tuta ko 'yan jarida.

Wata shekara Koci ya kawo shawarar mu yi gudun miƙa sanda a hanyoyin ƙafa da ke ratsa ƙauyukan gindin Shere. Aka raba mu ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar-biyar, kowa da zangonsa: wani hawa, wani gangara, wani tsakanin gonakin acca da aka riga aka girbe. Sanda ba ta riƙuwa a inda mutum ke buƙatar hannu biyu don dafa dutse, sai telanmu ya ɗinka wa kowace ƙungiya ƙyalle mai launi, a rataya a kafaɗa ya zagayo ƙugu. Dabarar ta Jafanawa ce. Can suna da tseren ɗaliban jami'a tsakanin Tokiyo da Hakone, wanda aka fara a 1920, ana yin sa ranakun 2 da 3 ga Janairu, mutum goma su raba kusan kilomita 217. Suna da wata doka mai ɗaci: in ƙungiya ta yi nisa a baya, yawanci minti 20 bayan na gaba, sai a saki mai jira da wani ƙyallen na daban. Saurayi ya iso wurin miƙawa da ƙyallen makarantarsu a hannu ya tarar ba kowa. Da yawansu a nan suke zubewa su fashe da kuka.

Zango na uku aka ba ni. Wurin karɓa yana bakin wani tsohon ramin haƙar kuza da ya zama kududdufi, ruwansa kore shar, ba ya motsi. Hazo ya sauko, sanyi na shiga ta yatsu. Jira ya fi gudu wuya, domin ba ka san abin da ke faruwa a bayan dutsen ba, kuma ba abin da za ka iya yi. Ƙungiya biyu suka karɓa suka wuce. Can sai ga ma'aikaciyar jinyar nan ta ɓullo, gwiwarta ta goge tana jini har cikin safa, ta riga ta cire ƙyallen ta naɗe shi a hannu don kada a ɓata lokaci. Ta danƙa mini shi jiƙe da zufa ta ce, "Malam, ga amana. Bayan rafi akwai tsakuwa, ka bi ta hagu." Na ce, "Sannu, Sista," na wuce. Unguwarsu tana cikin unguwannin da na daina shiga tun rikicin Satumban 2001, ita ma ba ta shiga tamu. Amma ranar, hanyar da ta ce in bi ita na bi ba tare da na sake tunani ba.

A tseren da kake kai kaɗai, in ka gaji ka tsaya, asarar taka ce. Da ƙyalle a kafaɗa kuwa ba ka da ikon tsayawa, ba ka kuma da ikon yin gangancin da zai sa ka kasa isa. Ƙarfinka ya zama dukiyar mutum biyar da aka ba ka ka kashe da lissafi. Ban taɓa sauka gangara da natsuwa irin ta ranar ba. Da na hango telan yana tsalle yana kiran "Baba, kawo! Kawo!" na miƙa masa, na faɗa masa inda hanya ta rabu biyu, ya tafi. Sai na ji ƙafata ta bi bayansa. Ina so in raka shi ko da rabin kilomita ne, in tabbatar bai ɓata ba. Koci ya riƙo rigata ya ce, "Malam, zauna ka sha ruwa. Naka ya ƙare. In ka bi shi, zai riƙa waiwayenka maimakon ya kalli gabansa."

A cikin shekarar ne mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki a Kano. Ni ne babba. Makonnin asibiti kowa ya hallara: 'yan'uwa, maƙwabta, abokan kasuwarsa, kwanukan abinci har ba wurin ajiyewa. Da aka sallame shi aka dawo gida, kowa ya yi hamdala, aka ce an wuce wurin wuya. Ashe lokacin aka fara gangara. 'Yan dubiya suka ragu, aikin kuwa ya ƙaru: juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, magani a kan lokaci, awon jini safe da yamma, kai shi gashi, wanka, da haƙurin zama da dattijon da ya saba bayar da umarni yanzu harshe ya yi masa nauyi. Jinya irin wannan ba ta nuna maka abin da take ci a jikinka sai an kwana biyu. Ina tashi daga aiki ranar Juma'a in kama hanyar Saminaka, in kwana biyu ban runtsa ba, in juyo daren Lahadi. Jinina ya sake hawa.

Ƙanwata ce ta zaunar da ni a tsakar gida bayan sallar isha'i. Ta ce, "Yaya, Allah ya saka maka da alheri. Amma in ka zo kana karɓe komai, in ka tafi mu rasa inda ka tsaya. Ko daga Jos ɗin ma kira kake yi kana tambayar an ba shi na ƙarfe takwas? Ka bar mu mu ma mu samu ladan Alhaji." Ba ta san komai game da gudunmu ba. Ni dai na gane maganar, domin an taɓa riƙe mini riga an faɗa mini ita.

Muka raba makonni. Muka sayi littafi mai layi aka ajiye a gefen gadonsa, duk mai jinya ya rubuta awon jini, da lokacin magani, da abin da Alhaji ya ci, da abin da mai gashi ya ce, da ko ya yi barci. Wanda zai sauka ya zauna da wanda zai karɓa su bi shafukan tare, ya faɗa masa inda tsakuwar take: wannan makon ba ya son kunu da zafi, ƙafar dama tana kumbura da yamma, in ya yi shiru da yawa a kunna masa rediyo. Sannan ya tafi gida ya yi barci, kada ya kira sai in an kira shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi mini wuya, har yau ma yakan motsa mini. Amma na ga abin da ya haifar. Autanmu, wanda duk muke ɗauka yaro ne, shi ya gano cewa Alhaji ya fi yarda ya motsa hannu in an ba shi carbi maimakon ƙwallon roba da aka ba mu. Da ina tsaye a kansa ina gyara masa, da bai gwada ba.

Rabon bai zama daidai wa daida ba, kuma ban ga alamar zai zama ba. A gudunmu ma wani zangon ya fi wani tudu. Ƙaninmu da ke aiki a Fatakwal ba ya samun zuwa sai jefi-jefi, sai muka amince kuɗin magani da na gashi su ne nasa zangon, ko da yake akwai wanda har yanzu bai gamsu ba. Ƙanwata, da yake gidanta ya fi kusa, ita ake kira duk lokacin da wani ya makara, ga nata yaran ga mijinta, kuma wannan yana damuna. Muna maganar ɗaukar wanda zai riƙa kwana da Alhaji dare uku a mako don a rage mata, in kuɗin ya samu. Mun ajiye maganar sai mun haɗu gaba ɗaya da babbar Sallah.