Baƙo a Gonar Wani

Wani kafinta, mutumin ƙasar Zazzau, ya yi shekara shida a Yamai tare da iyalinsa. Neman abinci ne ya kai shi. Yaransa uku sun iya Zabarmanci, suna karatu da Faransanci, amma uwarsu kullum zuciyarta tana gida. Takan ce, "Maigida, baƙo dai baƙo ne, ko ya shekara goma."

Ran wata Asabar cikin kakar 2018, sai maigidan ya ari motar wani ɗan'uwa na ikilisiya, ya ce za su Kure ganin raƙuman dawa. Garin yana kan hanyar Dosso, wajen kilomita 60 daga Yamai. Uwargida ta dafa shinkafa da wake, suka fita da sassafe.

Da isarsu suka ɗauki ɗan jagora, gama ba shinge a wurin, ba keji. Dabbobin suna yawo ne tsakanin gonaki da ƙauyuka. Aka bar kwalta, aka shiga rairayi, har yara suka fara gajiya. Can sai autan ya yi ihu, "Baba, ga itace yana tafiya!" Ashe raƙumin dawa ne ya fito daga bayan wani gawo, waɗansu huɗu suna biye da shi. Suka yi tsaye suna kallon mutane, ba tsoro. Maigidan kansa bai taɓa ganin irinsu ba, sai a littafin makarantar mishan.

Ɗan jagoran ya ce a dā irin wannan raƙumin dawa yana yawo tun daga Senegal har bakin Tafkin Chadi. Farauta da fari da saran itatuwa suka cinye su, har a 1996 waɗanda suka ragu ba su wuce 50 ba, dukansu kuwa a nan. Daga baya suka hayayyafa, suka haura 600.

Kusa da su wani tsoho yana tsinkar wake. Ya nuna musu gefen gonarsa inda dabbobin suka yi ɓarna da dare. Uwargida ta ce, "Baba, ba ka jin haushi?" Ya amsa da Hausarsa ta kasuwa, "Ina ji mana, 'yata. Amma in na kore su, ina za su? Ba su da wata ƙasa."

Matar ta yi shiru. A inuwar gawo ta zuba wa tsohon abinci kafin ta zuba wa 'ya'yanta. A hanyar komawa ta ce wa mijinta, "Ashe mu ma a gonar mutane muke kiwo shekara shida, ba wanda ya kore mu, ni kuwa ban taɓa godiya ba." Kashegari bayan sujada ta kai wa maƙwabciyarta Bazabarmiya tuwo da miyar kuka, abin da ba ta taɓa yi ba.

A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a dajin Kure, har da ɗaya daga cikin masu yi wa baƙi jagora. Da labarin ya iso, uwargidan ce ta tara yara a tsakar gida. Suka durƙusa, suka yi addu'a domin mutanen Kure, da tsohon nan mai gonar wake.